Ko akwai man fetur a ƙarƙashin ƙasar Gwandu?

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo, ko ya nufi Gwandu, zai ga tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. Inda ruwa ya zaizaye gefensu, ana ganin ƙasar hawa-hawa: yashi, sai laka, sai kuma yashi.

Masana ilimin duwatsu sun raɗa wa wannan jeri sunan garin Gwandu. Sun ce koguna da tafkuna ne suka shimfiɗa shi miliyoyin shekaru da suka wuce. Idan kogi na gudu da ƙarfi, yashi yake ajiyewa. Idan ya kwanta ko ya sauya hanya, sai laka ta zauna. Haka aka yi ta maimaitawa.

Irin wannan jeri ne masu neman mai ke farauta, domin shi mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda jama'a da dama ke zato. Yana maƙale ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, yana neman tasowa, har sai ya ci karo da laka. Yashi ne tukunya, laka kuma murfi.

Tukunyar Gwandu ba ta yoyo. A shekarun 1960, rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa a yankin Birnin Kebbi sun riƙa tunkuɗo ruwa da kansu, saboda lakar ta danne shi.

To amma tukunya daban, miya daban.

Mai na samuwa ne daga ragowar ƙananan halittun ruwa. Sau biyu teku ta mamaye ƙasar Sakkwato da Kebbi, kimanin shekaru miliyan 70 da kuma miliyan 60 da suka gabata. Ita ta bar lakar Dukamaje da ta Dange, da farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi. Sai dai irin wannan laka ba ta ba da mai sai ta nutse kilomita biyu ko fiye, inda zafin ƙasa zai dafa ta.

A nan gizo ke saƙa. Shimfiɗun ba su da kauri sosai a ɓangaren Nijeriya, sun fi zurfi ta wajen Nijar. Man Agadem kuwa, da Nijar ta fara haƙowa a 2011, daga wani kwari ne dabam a gabashin ƙasar.

A 2017 kamfanin NNPC ya ce zai binciki kwarin Sakkwato, yayin da dokar man fetur ta 2021 ta ware asusu na musamman domin neman mai a yankuna irin wannan.