Gansakuka: Suna Ɗaya, Halitta Iri-iri

Kowace shekara, idan damina ta ja baya, kududdufan Zango da na Birni a Damagaram sukan lulluɓe da wani koren abu wanda Bahaushe ke kira gansakuka. Da wannan kalma guda ake kiran ta tabki, da ta bakin rijiya, da ta gindin randa, alhali kuwa ba halitta ɗaya ba ce.

Wadda aka saba gani a tabki ita ce mai zare-zare kamar gashi, mai santsi a hannu. Masana suna ce mata Spirogyra, sunan da wani Bajamushe mai suna Link ya raɗa mata a 1820, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin murɗewa da kewayawa, domin a madubin ƙara girma akan ga koren cikinta a murɗe kamar igiya. Da rana takan fitar da iskar shaƙa, kumfar ta ɗago ta bisa ruwa. In tabki zai ƙafe, sai zare biyu su haɗu su bar ƙwaya mai tauri cikin laka, wadda ke jure rani har ruwa ya sauka.

Ita kanta ba ta da dafi. Amma yawanta shaida ce cewa kashin dabbobi da ruwan kwata sun kwarara cikin tabki, domin su ne takinta. In ta ruɓe kuwa, sai ta cinye iskar ruwan, kifi ya mutu.

Akwai wata kuma da ba ta da zare, takan kwanta bisa ruwa kamar an zuba koren fenti. Ita ma gansakuka ake ce mata, amma jinsinta dabam ne. Wani irinta yana da dafi mai lalata hanta, yakan kashe dabba, ko an tafasa ruwan kuma dafin ba ya karyewa.

Ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne a Damagaram. Yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birni Yamai a 1926. Inda ruwa ke da tsada haka, ba a raina tabki. Saboda haka ya kamata makiyayi ya tsoma kara kafin ya shayar: in ya fito da zare, da sauƙi, in ya fito kamar an shafa masa fenti, a kora dabbobi gaba, a kuma hana yara wanka.