Abin da jinin mamaci ke faɗa game da maganin farfaɗiya

Idan aka tsamo gawar mai farfaɗiya daga rijiya, ko aka iske shi da safe rub da ciki a kan shimfiɗarsa babu rai, jandarmomi da alƙali suna bukatar sanin abu guda: ciwon ne ya kashe shi, maganin ne, ko kuwa da hannun wani? Mai bada amsa shi ne lokotoron binciken guba.

Maganin da aka fi sani a ƙasashenmu shi ne Gardenal, wato fenobarbital, wanda likitan Jamus Alfred Hauptmann ya gano amfaninsa ga farfaɗiya a shekarar 1912. Fenitoyin ya biyo baya a 1938, Dépakine kuma ya shiga farmasi a Faransa a 1967. Kowanensu da awonsa. A jinin mai shan Gardenal bisa ƙa'ida ana samun wajen miligiram 10 zuwa 40 cikin lita guda. In ya zarce haka nesa ba kusa ba, yana danne numfashi, balle ma in an haɗa shi da giya. Haka mabiya ƙungiyar Heaven's Gate su 39 suka yi a Kaliforniya ta Amurka a 1997, inda suka kashe kansu.

To amma sau da yawa rashin maganin ne ke magana. Gardenal yana daɗewa a jiki, sai ya yi kwana huɗu kafin rabinsa ya fita. Saboda haka in ba a same shi ba sam, mamacin ya jima bai sha ba. Ko kuɗi suka ƙare, ko magani ya yanke a likita, ko an ce masa iskoki ne, wannan kuma laboratuwar ba ta iya faɗi.

Gawa tana ruɗin mai awo. Bayan mutuwa magani yana tsatsowa daga hanta da huhu zuwa jinin zuciya, lissafi ya kumbura. Shi ya sa ake ɗiban jini a jijiyar cinya, a haɗa da ruwan ƙwayar ido, wanda ba ya saurin ruɓewa. Awon nan na 10 zuwa 40 ma a kan masu rai aka kafa shi. Alƙalin da ya ɗauke shi tamkar hukunci zai iya zaluntar iyali.

Gashi kuwa yana tsawon wajen santimita guda kowane wata. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a ga watan da aka sha magani da watan da aka bari.