Zafi, Dalma da Haƙuri: Kimiyyar Gyaran Tsohuwar Na'urar Gem

A shekarar 1983 ne kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da na'urar wasan talabijin mai suna Famicom. Sega ya biyo baya da Mega Drive a 1988, sa'an nan Nintendo ya sake fitowa da Super Famicom a 1990. Irin waɗannan na'urori, waɗanda yara ke kira gem, sun cika kasuwannin Kano, daga nan suka bazu zuwa garuruwan karkara. Yanzu da yawansu sun daina aiki. To amma ɗalibin da ke Kademi ko Gaya ko Ajingi, in ya sami irin wannan na'ura a jibge, ya sami abin nazari, domin gyaranta darasin kimiyya ne tun daga farko har ƙarshe.

Abin da ke Ciki

Idan aka kwance na'urar, za a ga wani koren faifai da masu gyara ke kira fanel, mai ɗauke da siraran hanyoyin tagulla. A kansa akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu da yawa, wato ai-si. Cikin kowace akwai ɗan ɓallin silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi, mai ɗauke da dubban taransistoci. A Famicom ta farko, ƙafafun suna ratsa huda ne, a liƙe su ta bayan fanel. A Super Famicom kuwa, manyan ai-si ɗin a kwance suke bisa fuskar fanel, ba huda. Babbar cikinsu, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, ƙafa 100 gare ta, kuma tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa ba ta kai milimita ɗaya ba.

Gano Cuta Kafin Magani

Ba kowace mutuwar gem ce laifin ai-si ba. An ƙera adaftar Japan ne don wuta mai ƙarfin bolt 100, ta Nijeriya kuwa ta ninka haka har da ɗoriya, saboda haka sau da yawa adaftar ce ta ƙone. Ƙurar hunturu kan toshe bakin da ake zura kaset. Haka nan kafasita kan tsufa ta zubar da ruwan cikinta, ya cinye hanyoyin tagulla. Game Gear ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1990, ta yi ƙaurin suna a wannan matsala. Don haka gwanin mai gyara yakan fara da mita ne, ya tabbatar bolt 5 ɗin da ai-si ke bukata suna isa gare su. Sai bayan ya kawar da sauran zato yake taɓa ai-si.

Sarrafa Zafi

Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, wato Abagayawa, suka je Dutsen Dala neman tama. Sirrin sana'arsu shi ne sanin zafin da kowane ƙarfe ke bukata, kuma shi ne sirrin wannan aiki. Abin da ke riƙe ƙafafun ai-si gauraye ne na kuza da dalma. Kuza zalla na narkewa a digiri 232 na ma'aunin Salshiyos, dalma zalla a 327. Amma idan aka haɗa kashi 63 na kuza da kashi 37 na dalma, sai gaurayen ya narke a digiri 183 kacal, wato ƙasa da kowannensu.

Matsalar ita ce dole ƙafafu 100 su narke a lokaci guda, abin da ƙarfen soda mai baki ɗaya ba zai iya ba. Shi ya sa ake amfani da na'urar hura iska mai zafi, wadda ita ce zuga-zugin mai gyara. Yakan shafa man soda, wanda ke cire tsatsar da ke hana dalma kama ƙarfe, ya yi ta kewaya iskar a kan ƙafafun, sa'an nan ya ɗaga ai-si da hantsaki a hankali. In ya yi gaggawa ya fizga, hanyoyin tagulla za su ɗaye. In kuma ya daɗe a wuri guda, fanel zai kumbura.

Wajen ɗora sabuwa, sai ya share gurbin, ya daidaita ɗigon da ke kusurwar ai-si da alamar ƙafa ta farko, ya kafe kusurwa biyu, kana ya ja narkakkiyar dalma bisa layin ƙafafun. Kamar yadda ɗigon ruwa ke dunƙulewa a kan ganyen gwaza, haka dalmar ke tattaruwa a kan kowace ƙafa, ta bar tsakaninsu fayau. Daga ƙarshe sai ya duba da madubin ƙara girma, ko akwai ƙafa biyu da suka haɗe.

Haɗurra Biyu

Tartsatsin da ake gani idan an tuɓe riga cikin duhu lokacin hunturu lantarki ne da guga ke tarawa a jiki idan iska ta bushe. Mutum ba ya jinsa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da haka nesa ba kusa ba ya isa ya kashe ai-si. Wajibi ne mai gyara ya ɗaura igiyar da ke sauke lantarkin zuwa ƙasa. Na biyu, dalma guba ce mai illa ga ƙwaƙwalwar yara, kamar yadda annobar da ta auka wa ƙauyukan Zamfara a 2010 ta nuna. A yi aiki a wuri mai iska, a wanke hannu kafin cin abinci.

Kammalawa

An daɗe da daina ƙera waɗannan ai-si, sai dai a ciro daga wata matacciyar na'ura, don haka jefar da tsohon fanel asara ce. Bugu da ƙari, bayan zuwan wayar salula a 2001, wannan fasaha ce ke ciyar da ɗimbin matasa a kasuwar Farm Centre ta Kano. Malamin da ya kawo mataccen fanel aji zai iya koyar da darasin zafi da na lantarki a kansa, ɗalibin da ya ƙware kuwa yana da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, kusa da gida, inda zai ɗora.