Idan Takardar Shaidar Ɗan Ƙasa Ta Ɓata: Mai Saurin Dawowa da Mai Wahalarwa

Ranar 10 ga Satumba 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan madatsar Alau ta ɓalle da dare. Wanda ya samu ya fita da iyalinsa ya gode wa Allah, ba wanda ya tsaya lalube ƙarƙashin katifa ko cikin akwatin ƙarfe. Sai da ruwa ya janye, aka koma unguwanni irin su Gwange, sannan aka fara lissafin wata asarar da ba a cika faɗa a labarai ba: takardun haihuwar yara sun zama dagwalo, silif ɗin NIN ya tafi, haka katin zaɓe da takardar shaidar asali da fasfon da aka sauke farali da shi. Kuma ba sai an yi ambaliya ba. Gobarar kasuwa na cinye su, mai ƙwacen waya na haɗawa da jakar da suke ciki, ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensa a Zamfara da kayan jikinsa kaɗai bai fito da ko ɗaya ba.

Abin da ya kamata mutum ya fara sani, domin hankalinsa ya kwanta, shi ne ɓatan takarda ba ya cire kowa daga zama ɗan Najeriya. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora zama ɗan ƙasa ta haihuwa a kan tsatso. Wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a Jidda ko Kumasi ko Yamai, idan uwa ko uba ɗan Najeriya ne, ya shiga. Babu inda sashen ya ce sai da kati. Sai dai gaskiyar da ke cikin kundi daban, abin da ma'aikacin banki ko jami'in filin jirgi zai karɓa daban. Shi takarda yake so ya gani.

Kuma Najeriya ba ta da takarda guda ɗaya da aka ware ake bai wa kowane haifaffen ɗan ƙasa a ce masa ga shaidarka. Abin da ake da shi tarin takardu ne, kowace daga ofishinta, wannan na jingine da waccan. Ni a ganina duk wanda zai fita neman madadin takarda ya fara da tambaya ɗaya: akwai rajistar da ke riƙe da bayanina a bayan wannan takardar? Idan akwai, aikin ya zo da sauƙi, sake bugawa ne kawai. Idan babu, sai ya shirya wa zirga-zirga.

Mafi sauƙi ita ce NIN, lambar nan mai alƙaluma 11 da hukumar NIMC ke bayarwa, hukumar da dokar 2007 ta kafa. Lambar ta mutum ce har abada, ba ta tsufa, ba ta ƙarewa, kuma tana ɗaure da zanen yatsunsa da hoton fuskarsa. Silif ɗin da ake ta tattali a cikin leda takarda ce kawai da aka buga lambar a kai. Wanda ya manta lambarsa na iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, a cire masa 'yan kuɗi kaɗan, lambar ta fito. In layin ma ya tafi, sai ya je ofishin hukumar a nemo shi da yatsunsa, ya biya kuɗin sake buga silif. Tsohon katin ɗan ƙasa na zamanin Obasanjo, wanda aka yi rajistarsa a 2003, ya riga ya zama tarihi. Mai shi idan bai taɓa yin NIN ba, sabuwar rajista ce a gabansa. Katin roba mai ɗauke da tambarin MasterCard da aka ƙaddamar a 2014 kuwa yana da ranar ƙarewa a jikinsa, amma ƙarewar katin ba ta taɓa lambar.

A nan ne mutane da yawa ke jefa kansu cikin wahala da hannunsu. Silif ya ɓata, layi ya yi tsawo, sai wani ɗan kamasho a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, kawo a yi maka sabuwa kawai." Kada a yarda. Yin rajista sau biyu laifi ne a doka, kuma na'urar tana kwatanta yatsun kowane sabon mai rajista da na waɗanda ke cikin rumbun. Idan ta kama, warware matsalar kan ɗauki lokacin da ya ninka na sake buga silif sau da yawa, kuma a tsawon wannan lokaci komai na mutum a tsaye yake. Tun daga Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da NIN, hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita tun 2021, bankuna ma na nema. Ya kamata kuma a sani cewa baƙon da ke zaune a ƙasar bisa izini shi ma ana ba shi NIN. Saboda haka lambar tana tabbatar da ko wane ne kai, amma ita kaɗai ba ta isa hujjar cewa kai ɗan ƙasa ne ba.

Idan sata aka yi, tsarin aikin ya sauya. Kafin a yi zancen kati, a fara rufe layin waya, a sanar da banki, sannan a je a yi welkam-bak. Ɓarawon da ke riƙe da layinka da silif ɗinka yana riƙe da mabuɗin asusunka, kuma yana iya aikata ɓarna da sunanka. Wannan ne amfanin kai rahoto ofishin 'yan sanda a kan lokaci. Takardar da za su ba ka tana ɗauke da kwanan wata, ita ce za ta tsaya maka idan wata rana aka tsinci katinka a inda aka yi laifi. Daga nan sai kotu, a yi takardar rantsuwa, afidabit kamar yadda aka saba cewa, a gaban kwamishinan rantsuwa. Mutane sun mayar da ita kamar sayen katin waya, a miƙa kuɗi ta taga a karɓo. Rantsuwa ce, kuma ƙarya a cikinta laifi ne da kotu ke hukuntawa, balle a wurin Allah. A rubuta sunan takardar da ta ɓata, da lambarta in an tuna, da inda ta ɓata, ba ƙari ba ragi.

Waɗannan takardu biyu, ta 'yan sanda da ta kotu, su ne kan gaba idan fasfo ne ya salwanta. Hukumar Shige da Fice ba ta ɗaukar ɓataccen fasfo kamar wanda wa'adinsa ya ƙare. Wanda ya ƙare sabuntawa ce: a cike fom a intanet, a biya, a je a ɗauki hoto da yatsu. Ɓatacce kuwa sai an soke tsohon an binciki bayanin mai shi, don haka ya fi jan lokaci. Kuɗin ma ba na wasa ba ne yanzu. Daga Satumbar 2025, mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000 ga masu nema a cikin gida, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Maniyyata da 'yan kasuwa su riƙa duba ranar ƙarewa tun da wuri, domin ƙasashe da dama, har da Saudiyya, ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata 6 a gaba. Wanda nasa ya ɓata yana ƙasar waje sai ya nufi ofishin jakadancin Najeriya, inda ake bayar da takardar tafiya ta gaggawa. Ta dawowa gida ce kaɗai, sau ɗaya, ba a ci gaba da yawo da ita.

Katin zaɓe ba shi da dogon bayani. Ba ya ƙarewa, kuma tsohuwar Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce wanda nasa ya ɓata ko ya lalace ya je da kansa wurin jami'in zaɓe, aƙalla kwana 90 kafin ranar jefa ƙuri'a. Sauyi zai nema, kada ya sake rajista.

Wahalar gaske tana can tushe, wurin takardar haihuwa. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Duk da haka binciken MICS na 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, kuma ƙauyukan Arewa na cikin wuraren da ke baya. Iyaye da yawa suna ɗauka katin asibiti ko katin rigakafi shi ne takardar haihuwa, alhali ba shi ba ne. Wanda aka yi masa rajista ta gaskiya, idan takardar ta ɓata, sai ya koma ofishin da ya bayar a duba littafi, kuma hoton tsohuwar takardar a waya, ko lambarta kawai, na rage wahala sosai. Babban mutumin da ba a taɓa yi masa ba, hukumar na ba shi takardar tabbatar da haihuwa bayan ya kawo rantsuwar shekaru daga kotu. A ƙarshen 2023 an ƙaddamar da tsarin rajista ta kwamfuta, abin da zai amfani yaran da ake haifa yanzu ƙwarai. Iyayensu kuwa bayaninsu, in ma akwai, yana cikin tsofaffin littattafan da gara da ruwa ba sa raga wa.

Wannan giɓin ne ke haifar da abin da ya fi ɓatan takarda illa, wato saɓanin takardu. Mutum ɗaya ne, amma a makarantar firamare Mamman, a sakandare Mohammed, a banki Muhammad, a fasfo kuma an ƙara sunan garinsu a matsayin sunan uba. Mace ta yi NIN da sunan mahaifinta, ta buɗe asusu da sunan miji. Ranar haihuwa kuwa, wanda bai san tasa ba sai a rubuta masa 1 ga Janairu, wani kuma ya rage shekaru saboda neman aiki. Can baya ba mai lura, domin kowane ofis da kundinsa. Yanzu fasfo ba ya fita sai bayanin ya yi daidai da na NIN harafi da harafi. Sai mutum ya je neman madadin takarda ɗaya, ya tarar sai ya gyara uku, kuma gyaran ranar haihuwa a NIMC ya fi kowane gyara tsada da tsauri. Shawarar da zan bayar da zuciya ɗaya ita ce, ranar da za a sake yin wata takarda, a ɗauki silif ɗin NIN a kwafi abin da ke jikinsa. Idan kuskuren a NIN ɗin yake, shi za a fara gyarawa kafin a taɓa sauran. Kuma a karanta fom da ido kafin yaron kafe ya danna tura.

Akwai rukunin mutanen da su takarda ɗaya ce tak hujjarsu: matar da ta zo daga wata ƙasa ta auri ɗan Najeriya ta yi rajista a ƙarƙashin sashe na 26, da baƙon da ya cika shekara 15 a ƙasar aka ba shi zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin sashe na 27. Satifiket ɗinsu daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida yake fitowa, can ne kuma za su koma idan ya ɓata. A garuruwan kan iyaka irin su Illela da Jibiya da Maigatari, inda auratayya da Nijar ta zama ruwan dare, mata da yawa sun tsufa a gidan aure ba su taɓa jin labarin wannan rajista ba, ko da yake 'ya'yansu 'yan ƙasa ne ta wajen uba.

Na bar takardar shaidar asali, wadda ake kira indijin, zuwa ƙarshe domin ita ce ta fi damuna. Ita ake nema wajen shiga soja da ɗan sanda, da neman tallafin karatu, da aikin gwamnati, saboda tsarin raba daidai da ke sashe na 14 na kundin, ita kuma ake nema wajen fasfo na farko. A aikace ita ce ke nuna tsatson da sashe na 25 ke magana a kai. Amma ƙananan hukumomi 774 ne ke bayar da ita, kowace da salonta, ba su da rumbu ɗaya da ya haɗa su. Wanda tasa ta ɓata sau da yawa sai ya sake bin hanya daga farko: mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu, hakimi ya amince, sannan sakatariya. Ga wanda ke zaune a garin kakanninsa wannan aikin kwana kaɗan ne. Ga wanda aka tashi ƙauyensu, dagacin ya rasu ko yana gudun hijira a wata jiha, babu mai shaidarsa. Ga Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos ko Ibadan kuwa, tambayar wace ƙaramar hukuma ce za ta ba shi takardar ta daɗe tana jawo rikici, kuma ɓatan wadda ya samu da ƙyar na iya zama rashinta har abada.

Bai dace a ce talaka ne zai riƙa ajiye wa hukuma tarihinta a cikin leda ba. Ofishin da ya bayar da takarda shi ke da alhakin tuna cewa ya bayar. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma shugabanninsu na ta lissafin ayyukan da za su yi. Ina roƙon su sa wannan a ciki, domin kuɗinsa bai kai na kwalbati ɗaya mai kyau ba: kowace takardar asali da ta fita a ba ta lamba, a shigar da sunan mai ita da na mahaifinsa da unguwarsu da lambar NIN ɗinsa da sunan wanda ya sa hannu a kwamfuta, a ajiye kwafi a hedikwatar jiha. A ɗauki matasa masu hidimar ƙasa su kwafe tsofaffin littattafan da suka rage, a fara da ƙananan hukumomin da rikici ya fi raba mutane da gidajensu.