Riƙon yaro: abin da doka ke nema kafin ka karɓa

A gidanmu na Minna na tashi da yara uku da mahaifina ya riƙa, 'ya'yan abokan fataucinsa na shanu. Ba takarda, amana ce kawai. To amma yanzu idan ka ɗauko yaro zuwa Agege ko Sabon Ibadan ba wata shaida a hannu, a shingen hanya ma ana iya zarginka da safarar yara.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce kotu ce ke ba da izinin riƙo. Mai nema sai ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21 aƙalla, yana da halin ciyar da shi, likita kuma ya tabbatar da lafiyar jikinsa da hankalinsa. Namiji marar mata ba a ba shi 'ya mace. A Ingila har horo ake yi wa mai riƙo kafin a miƙa masa yaro.

Shawarata, jama'a: ku fara zuwa ofishin jin daɗin jama'a na jiharku, iyayen yaron su sa hannu gaban shaidu. Ranar da rigima ta tashi, takardar ce za ta tsaya muku, ta tsaya wa yaron.