Cocin Sikotland da Alƙawarin 1707

Ranar 10 ga Satumba, 2022, kwana biyu da rasuwar Sarauniya Elizabeth, ɗanta Charles ya tsaya gaban majalisar da ta tabbatar masa da sarauta a fadar St James da ke Landan. Tun ba a fara maganar bikin naɗi ba, sai da ya rantse zai kare Cocin Sikotland da tsarin da yake tafiya a kai, ya kuma sa hannu a takarda. Alhali shi ba shugaban cocin ba ne. A Ingila shi ne jagoran cocin ƙasa, da sunansa ake naɗa bishop-bishop. Amma in ya je hutu Balmoral da ke Sikotland ya shiga cocin Crathie ranar Lahadi, mai ibada ne kamar kowa.

Wani tsohon tsoro ne ya haifi wannan rantsuwa. Tun 1603 Ingila da Sikotland suke ƙarƙashin sarki ɗaya, amma kowacce da majalisarta da dokokinta da cocinta. Mutanen Sikotland sun rungumi tsarin Firesbiteriya, wanda babu bishop a cikinsa: fastoci da dattawan ikilisiya ke yanke shawara, daga ƙauye har zuwa Babban Taro na ƙasa. Sarakunan gidan Stuart kuwa bishop suke so, domin sarki ke naɗa shi, kuma kowa ya san wanda ya naɗa ka shi kake ji wa magana. A 1637 Charles na ɗaya ya kawo sabon littafin addu'a mai kama da na Ingila, ranar da aka fara karanta shi a cocin St Giles da ke Edinbara tarzoma ta ɓarke. Daga nan aka kawar da bishop-bishop, amma bayan 1660 aka maido da su da ƙarfin tsiya, aka kori fastoci sama da 200 daga majami'unsu, jama'a suka koma ibada a tsaunuka sojoji na farautarsu. Sai a 1690 tsarin Firesbiteriya ya dawo bisa doka.

Saboda haka da maganar haɗe ƙasashen biyu ta taso a 1706, waɗanda suka ga wancan bala'i da idonsu suna nan da rai. Lissafin kuma a fili yake. A sabuwar majalisar wakilai ta Landan, Sikotland za ta samu kujera 45 cikin 558. A majalisar iyayen ƙasa kuwa bishop-bishop 26 na Cocin Ingila na zaune suna kaɗa ƙuri'a. Yarjejeniyar mai sashe 25 da aka tsara a Landan ba ta ce uffan a kan coci ba, don an hana wakilan da suka tsara ta taɓa batun. Fastoci suka fara suka daga kan mumbari, kuma a zamanin da babu rediyo, abin da fasto ya faɗa ranar Lahadi shi ne labarin mako.

Gwamnati ta gane cewa in ba a kwantar wa coci da hankali ba, haɗewar ba za ta kai labari ba. A Nuwamban 1706 majalisar Sikotland ta zartar da doka ta musamman: tsarin Firesbiteriya zai dawwama, kowane sabon sarki zai rantse a kai, kuma wannan sharaɗi ginshiƙi ne na haɗewar har abada. Wanda ya fi kowa lallashin fastoci shi ne William Carstares, shugaban Jami'ar Edinbara, mutumin da gwamnatin baya ta taɓa matse wa manyan yatsu da ƙarfe a 1684 don ya tona asiri. Maganar irin wannan mutum tana da nauyi. Ranar 1 ga Mayu, 1707, Birtaniya ta tabbata.

“Har abada” ɗin shekara biyar ya yi. A 1712 majalisar Landan ta maido wa masu filaye ikon zaɓa wa ikilisiya fasto, ikon da aka soke a 1690. Wato attajirin da watakila ko cocin ba ya shiga, shi zai ce ga wanda zai riƙa yi wa talakawa wa'azi. Babban Taro ya yi ta kuka shekara da shekaru, ba wanda ya kula. A fahimtar lauyoyin Ingila, majalisar jiya ba ta ɗaure hannun ta yau, kuma babu kotun da za a kai majalisa ƙara.

Daga nan aka shiga ɓallewa. Fasto Ebenezer Erskine ya fita daga cocin da magoya bayansa a 1733, wasu suka bi a 1761. Daga zuriyar waɗannan 'yan aware ne cocin da ya aiko 'yar mishan Mary Slessor Kalaba a 1876 ya fito.

A 1834 Babban Taro ya yi tasa dokar: in yawancin magidanta suka ƙi fasto, ba za a ɗora musu shi ba. A shekarar aka gwada ta a garin Auchterarder, inda mutum biyu kacal suka sa hannun maraba da faston da aka kawo musu, Robert Young, magidanta kusan 300 suka ce a kai kasuwa. Young ya garzaya kotu, ya yi nasara a 1838, majalisar iyayen ƙasa ta tabbatar a 1839. A Marnoch kuwa, ranar da aka zo ɗora wa jama'a faston da suka ƙi a Janairun 1841, sai suka kwashi littattafansu daga kan benci suka fice cikin dusar ƙanƙara.

Ranar 18 ga Mayu, 1843, tura ta kai bango. Ana buɗe Babban Taro a cocin St Andrew da ke Edinbara, Fasto David Welsh ya karanta takardar ƙin amincewa, ya ajiye ta, ya nufi ƙofa, Fasto Thomas Chalmers na biye. Suka gangara a jere zuwa zauren Tanfield, jama'a maƙil a gefen titi. Fastoci sama da 450, fiye da kashi ɗaya cikin uku, suka bar albashi da gidaje suka kafa coci mai zaman kansa. Inda masu filaye suka hana su wurin gini, sai suka nemi dabara. Mutanen Strontian sun tara kuɗi aka ƙera musu cocin ƙarfe mai yawo a kan ruwa, aka girke shi a Loch Sunart a 1846, suna zuwa ibada da kwalekwale.

Sai a 1874 majalisa ta soke ikon masu filaye. A 1921 kuma ta yi dokar da ta amince cewa a sha'anin koyarwa da ibada da shugabanci da horo, cocin ba ya ƙarƙashin kowace hukuma. An lura da kalmomin sosai: dokar ba ta ce majalisa ce ta ba shi wannan iko ba, cewa ta yi dama nasa ne. Wannan ya share hanya yawancin waɗanda suka ɓalle suka dawo a 1929.

Har yau, duk watan Mayu in Babban Taro ya zauna a Edinbara, sarki kan aiko da wakili. Ana tarbarsa da girmamawa, a kai shi wani bene da ke bayan kujerar shugaban taro, wanda ba a lissafa shi cikin zauren. Daga can yake sauraro. Ba ya muhawara, ba ya kaɗa ƙuri'a, jawabi ma sai an gayyace shi.