Al'adun Masu Jinyar Saba a Lugbe

Masu kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai, suna da al'adunsu kamar maƙera ko masaƙa. A Lugbe, da ke bakin titin Umaru Musa 'Yar'aduwa mai zuwa filin jirgin saman Abuja, wasunsu na aiki a hukumomin yankin, irin su hukumar sararin samaniya ta NASRDA da aka kafa a 1999 da kamfanin tauraron ɗan'adam na NIGCOMSAT. Wasu kuma mazauna rukunin gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya (FHA) ne da ke sammakon shiga gari aiki. Al'adun nasu sun fi bayyana ranar da firosesar saba ta cika maƙil, aiki ya tsaya cak, ba a kuma san dalili ba.

Dokar farko ita ce kada a yi gaggawar kashe injin a kunna. Sabon shiga ne ke yin haka. Lallai saba takan samu sauƙi na ɗan lokaci, amma an share sawun ɓarawo, gobe kuma ciwon ya dawo. Abin da babba ke fara tambaya shi ne: "Me aka taɓa jiya?" Galibi kowa sai ya ce bai taɓa komai ba, galibi kuma ba haka ba ne.

Daga nan sai a buga umarnin top, idan Linux ce, a ga manhajar da ke cinye ƙarfin injin da nauyin da ya ɗauka a minti 1 da 5 da 15 da suka wuce. In rumbun ne da kansa, sai a leƙa cikinsa: masu MySQL su buga SHOW PROCESSLIST, masu PostgreSQL su duba pg_stat_activity. A nan ake daɗewa. Sau da yawa mai laifin tambaya ɗaya ce tak da aka aika wa jadawalin da ba shi da fihirisa, sai rumbun ya riƙa karanta layuka ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman suna a rajistar da ba a jera ta bisa haruffa ba. Lokacin da layukan ke dubu biyu ba wanda ya lura. Da suka kai miliyoyi sai asiri ya tonu. Umarnin EXPLAIN ne ke nuna hanyar da tambayar ke bi, kuma fihirisa guda kan sauke nauyin cikin mintuna.

Suna kuma lura da agogo. Nauyin da ke tashi tsakar dare kullum yawanci aikin kwafar bayanai ne da aka tsara. Wanda ke zuwa ƙarshen wata, lissafin albashi ake fara zargi. Idan aka ga baƙuwar manhaja mai suna marar kan gado, sai a yi zargin masu kutse sun dasa abin haƙar kuɗin kirifto, musamman Monero.

Akwai abin da yanayin wurin ya koya musu. Ƙurar hunturu kan toshe fankar injin, zafin Maris da Afrilu kuma ya tsananta, musamman in an ɗauke wuta janareta bai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba. Firosesar da ta yi zafi takan rage gudunta don kada ta ƙone, sai aikin da ta saba yi ya cika ta. Shi ya sa tsohon hannu kan shiga ɗakin saba ya kara tafinsa a bayan injin kafin ya zauna gaban allo.

Ba sa son sa sabon gyara ranar Jumma'a, don kada a kira mutum daga gida ranar Asabar. Bayan an shawo kan matsala, mai aikin kwana kan rubuta abin da ya faru, da lokacinsa, da maganin da aka yi, a ajiye wa wanda zai karɓe shi.